Milarepa: Almajirin da Ya Gina Ya Rushe

A ƙasar Tibet, can bayan duwatsun Himalaya, da wuya a sami gidan da ba a san sunan Milarepa ba. Bai yi sarauta ba, bai ci yaƙi ba, bai kuma bar wa kowa gadon dukiya ba. Abin da ya sa sunansa ya ɗore kusan shekara 900 bayan rasuwarsa shi ne yadda rayuwarsa ta juya. Ya soma da ɗaukar fansa da zubar da jini, sa'an nan ya tafi neman malamin da zai shiryar da shi, ya sha wuya a hannunsa, daga bisani ya zama babban mai gudun duniya kuma mawaƙi a cikin mabiya addinin Buda.

An haife shi a ƙarni na 11. Wasu littattafan Tibet sun ce ya rayu daga 1040 zuwa 1123, wasu kuma sun ce daga 1052 zuwa 1135. Yawancin abin da ake faɗa game da shi ya fito ne daga littafin da wani malami mai suna Tsangnyon Heruka ya kammala a 1488. A cikin littafin akwai tarihi, akwai kuma abubuwan al'ajabi waɗanda mabiya suke karɓa da imani. Za mu ba da labarin yadda mutanen Tibet suke ba da shi.

Zamanin da ya taso

Addinin Buda ya samo asali ne daga arewacin Indiya, inda Siddhartha Gautama ya yi koyarwarsa fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Ya shiga Tibet a ƙarni na 7, zamanin sarki Songtsen Gampo. Bayan daular Tibet ta wargaje a tsakiyar ƙarni na 9, addinin ya yi rauni ƙwarai. Daga ƙarshen ƙarni na 10 sai ya sake farfaɗowa. Samari suka riƙa haye duwatsu zuwa Nepal da Indiya, ɗauke da zinariya, suna neman malamai da littattafan da za su fassara zuwa harshensu. A cikin wannan zamani na farfaɗowa Milarepa ya taso.

Akwai abubuwa biyu na koyarwar Buda da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin ya shiga labarin. Na farko shi ne abin da suke kira karma, wato kowane aiki yana da sakamako, ko a wannan rayuwa ko a wata da za a sake haihuwar mutum a cikinta. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Na biyu shi ne cewa tushen wahalar ɗan Adam yana cikin riƙon da ya yi wa kansa. Mutum yana ɗauka akwai wani abu tabbatacce a cikinsa, wanda ba ya sākewa, wanda dole a kare shi, a yabe shi, a rama masa idan an taɓa shi. A wurin mabiya Buda wannan zato ne kawai, kuma daga gare shi kwaɗayi da hushi da girman kai suke tsirowa.

Maraici da fansa

An haifi yaron a wani ƙauye da ake kira Kya Ngatsa, a yankin Gungtang, kusa da iyakar Nepal. Mahaifinsa, Mila Sherab Gyaltsen, ɗan kasuwa ne mai wadata. Yana wurin fatauci labarin haihuwar ya iske shi, saboda haka ya raɗa wa ɗan suna Topaga, ma'ana mai daɗin ji. Daga baya aka haifa masa ƙanwa, Peta.

Yaron yana da shekara 7 mahaifinsa ya rasu. Kafin ya cika, ya bar wasiyya cewa baffan yaron da gwaggonsa su riƙe gida da gonaki da dabbobi amana, har ya girma a mayar masa. Amma da aka gama makoki, sai suka mai da dukiyar tasu. Uwar da 'ya'yanta biyu suka koma tamkar bayi a gidansu, da rani suna noma wa baffa, da hunturu suna kaɗa wa gwaggo ulu. Da yaron ya kai shekara 15, uwar ta tara dangi da maƙwabta, aka karanta wasiyyar a gaban kowa, ta nemi a ba su hakkinsu. Baffa da gwaggo suka ce dukiyar tasu ce tun asali, aro suka ba marigayin, suka kore su da zagi da mari.

Baƙin ciki ya ci zuciyar uwar. Ta sayar da rabin 'yar gonar da ta rage mata, ta yi wa ɗanta guzuri, ta tura shi ya koyo tsafi. Ta kuma yi rantsuwa cewa idan ya komo ba tare da ya halaka maƙiyansu ba, za ta kashe kanta a gabansa. Ya tafi, ya zauna wurin matsafa biyu, ya ƙware. Labarin ya ce ranar bikin auren ɗan baffansa, gida cike da baƙi, sai ginin ya rufta, mutum 35 suka mutu. Baffa da gwaggo kaɗai suka tsira. Uwar ta fita tana guɗa a cikin gari. Da mutane suka yi niyyar ramawa, sai ta aika wa ɗanta, shi kuma ya saukar da ƙanƙara a kan gonakin sha'ir ana dab da girbi, amfanin shekara ya lalace.

Fansa ta tabbata, amma hankalinsa bai kwanta ba. Da rana ba ya iya cin abinci, da dare ba ya iya barci. Ya san a bisa koyarwar da ya taso a cikinta, wanda ya ɗauki rai talatin da biyar yana da mummunan sakamako a gabansa. Tsoron wannan sakamako ne ya fara tura shi neman shiriya.

Malami na farko

Da farko ya je wurin wani malami mai suna Rongton Lhaga. Malamin ya ba shi wata koyarwa, ya shaida masa cewa tana da ƙarfi ƙwarai, har mai rabo yana iya samun wayewar zuciya cikin wuni ɗaya. Saurayin ya tuna yadda ya ƙware a tsafi cikin 'yan kwanaki, sai ya ɗauka shi ne mai rabon da ake faɗa. Maimakon ya zauna ya yi aiki da abin da aka ba shi, sai ya kwanta ya yi ta barci. Bayan 'yan kwanaki malamin ya zo ya ga ba abin da ya sauya. Ya gane cewa ya yi gaggawar yabon koyarwarsa, kuma wannan almajiri ya fi ƙarfinsa. Sai ya umarce shi ya nufi kudu, yankin Lhodrak, wurin Marpa Mai Fassara. An ce da jin sunan kawai, sai tsigar jikinsa ta tashi, hawaye suka zubo masa.

Wannan ɗan zama yana da muhimmanci a labarin. Ya nuna cewa mutum yana iya tuba daga mugun aiki, amma girman kan da ya kai shi ga aikin yana nan daram. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma da wannan rawani saurayin ya isa ƙofar Marpa.

A hannun Marpa

Marpa Chokyi Lodro, wanda aka fi cewa ya rayu daga 1012 zuwa 1097, ba ya cikin masu zaman gidan ibada. Magidanci ne, manomi, mai mata da 'ya'ya, kuma an san shi da zafin rai. Sau uku ya yi tafiya zuwa Indiya, ya karɓo koyarwar babban malami Naropa, ya fassara littattafai da yawa. Ranar da Milarepa ya iso, ya tarar da wani ƙaƙƙarfan mutum yana huɗa a bakin hanya. Ya tambaye shi gidan Marpa. Mutumin ya ba shi tulun giyar sha'ir, ya bar masa garma ya ƙarasa gonar, ya yi tafiyarsa. Sai da aka shigar da shi gida ya gane ashe manomin nan shi ne malamin da yake nema.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya bayyana laifinsa duka, ya miƙa kansa, ya roƙi abinci da sutura da ilimi. Marpa ya ce ba zai ba shi duka ba, sai dai ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi ilimi. Amma ilimin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne aikin gini.

Marpa ya sa shi ya gina hasumiya mai siffar da'ira a gabashin gida, shi kaɗai, yana ɗauko duwatsu a bayansa. Da gini ya kai rabi, sai malamin ya ce bai yi tunani sosai ba, a rushe, a mai da kowane dutse inda aka ɗauko shi. Ya sa shi ya gina wata mai siffar jinjirin wata a yamma. Da ta yi nisa, ya ce a buge yake ranar da ya ba da umarnin, a rushe. Ta uku mai kusurwa uku ce, a arewa. Wannan karon Marpa ya musanta ma cewa shi ya sa a yi ta, ya tuhumi almajirin da neman yi masa tsafi. Ita ma aka rushe. Sa'an nan ya sa shi ya fara ta huɗu, mai kusurwa huɗu, hawa tara, domin ɗansa Darma Dode. Wata rana manyan almajiran Marpa uku suka gangaro masa da wani ƙaton dutse cikin wasa, ya sa shi a harsashi. Bayan gini ya ɗaga, Marpa ya ce a zare wannan dutse a mai da shi inda yake, domin ba ƙarfinsa ne ya kawo shi ba.

Bayansa ya yi gyambo, jini da mugunya suna zuba. Duk lokacin da aka tara almajirai za a ba su koyarwa, ya zo ya zauna a cikinsu, sai Marpa ya tambaye shi abin da ya kawo na sadaka, ya kore shi da duka. Matar Marpa, Dagmema, ita ce ta zame masa uwa. Tana ba shi abinci, tana yi masa magani, tana roƙon mijinta a kansa. Da ta ga abin ya ƙi ƙarewa, sai ta rubuta wasiƙar ƙarya da sunan mijinta, ta haɗa da wasu kayan Naropa don shaida, ta tura shi wurin Ngok, ɗaya daga cikin manyan almajiran gidan. Ngok ya karɓe shi, ya ba shi koyarwar, ya shiga halwa. Amma ko alamar buɗi bai gani ba, domin ba da yardar malaminsa ya zo ba.

Da asiri ya tonu, Marpa ya husata ƙwarai. Milarepa ya ga ya jawo wa Dagmema da Ngok fitina, ya yanke ƙauna, har ya yi niyyar kashe kansa, Ngok ya riƙe shi yana ba shi haƙuri. A wannan lokaci ne Marpa ya aika a kira shi, ya zaunar da shi a matsayin babban baƙo. Ya bayyana wa jama'a cewa tun ranar farko ya san wannan shi ne almajirin da yake jira, kuma duk wahalar da ya ba shi domin wanke masa laifin kisa ne. Ya ƙara da cewa sau tara ya so ya jefa shi cikin yanke ƙauna, tausayin Dagmema ya sa aka tsaya a takwas. Daga nan ya ba shi koyarwar duka, ya ɗauki nauyin cinsa da suturarsa.

Malaman Tibet sukan ce abin da aka rushe a Lhodrak ya wuce hasumiya uku. Mai gini yana son ya tsaya ya dubi aikinsa ya ce nasa ne, kuma wannan jin daɗi ne Marpa ya hana almajirinsa, har sai da bai da sauran abin tinƙaho. Duk da haka, malaman ba su ɗauki halin Marpa a matsayin abin koyi ga kowane malami ba. Littattafansu sun yi gargaɗi cewa almajiri ya daɗe yana binciken halin malami, ko da zai kai shekara 12, kafin ya miƙa masa wuya.

Komawa gida

Milarepa ya shiga halwa a wani kogo kusa da gidan malaminsa. An ce yakan ɗora fitilar man shanu a kansa, ba ya motsi sai ta mutu. Bayan wasu shekaru ya yi mafarkin gidansu ya zama kango, mahaifiyarsa ta rasu. Ya nemi izinin tafiya. Marpa ya sallame shi, ya ba shi wata takarda a naɗe, ya ce kada ya buɗe sai ya shiga matsala babba. Ba su sake ganin juna ba.

Ya iske abin da ya gani a mafarki. Rufin gida ya faɗa, ciyawa ta cinye gona, mutanen gari suna tsoron kusantar wurin. A tsakar ɗaki ya tarar da tarin ƙasa da tsummoki, a ciki akwai ƙasusuwan mahaifiyarsa. Ƙanwarsa kuwa ta bi duniya tana bara. Ya zauna a wurin kwana bakwai. A nan ya ga ƙarshen abin da aka yi ta rigima a kansa: ga gidan, ga gonar, amma wadda ta nemi fansa dominsu ta zama ƙasa. Da ya fita neman abinci, gwaggonsa ta sakar masa karnuka, baffansa ya jefe shi da duwatsu. Bai rama ba. Daga ƙarshe ma ya bar wa gwaggon gida da gonar, ya hau dutse.

Shekarun kogo

Ya zauna shekaru masu yawa a kogon da ake kira Drakar Taso. Da garin sha'ir ɗinsa ya ƙare, sai ya koma dafa wani ganyen daji mai ƙaiƙayi da ke tsirowa a bakin kogon. Ya rame har ƙasusuwansa suka fito, fatarsa ta yi kore, shi ya sa masu zane sukan yi hotonsa da koren jiki. Maharban da suka yi kiciɓis da shi sun zaci aljani ne. Yana yin wani horo na numfashi da tattara hankali da ake kira tummo, wanda suka ce yana tayar da zafi a cikin jiki, don haka mayafin auduga ɗaya ya ishe shi a cikin sanyin duwatsu. Daga nan ya sami laƙabin repa, wato mai sanye da auduga. Mila kuwa sunan zuriyarsu ne.

Peta ta ji labarinsa ta zo. Da ta ga halin da yake ciki, sai ta fashe da kuka. Ta ba shi labarin wani malami da ta gani zaune a kan shimfiɗu masu laushi, an riƙa masa laima, jama'a suna kawo masa kyautai, ta roƙe shi ya je ko hidima ce ya yi masa. Ya ƙi. A ganinsa, neman girma da sunan addini shi ne tsohon ciwon nan ya sake shiga sabuwar riga. Amma da jikinsa ya raunana har halwar ta gagara, ya buɗe takardar Marpa, sai ya tarar an umarce shi, tare da wasu darussa, ya ci abinci mai kyau. Ya ci abin da ƙanwarsa ta kawo, ƙarfinsa ya dawo, zuciyarsa ta buɗe. Ashe azabtar da jiki ma yana iya zama abin alfahari.

Wata rana zai ƙaura zuwa wani kogo, tukunyar ƙasar da yake dafa ganye a ciki ta suɓuce ta fashe. Ita kaɗai ce mallakarsa. An ce ya yi waƙa a kan haka, ya ɗauki tukunyar a matsayin malamar da ta koya masa cewa ba abin da yake dawwama.

Waƙa ita ce hanyar koyarwarsa. Ba ya hawa kujerar karatu. Idan manomi ko makiyayi ko maharbi ya yi masa tambaya, sai ya amsa da waƙa a cikin harshen da kowa yake ji, yana kawo misali da dusar ƙanƙara da ungulu da kifi da gonar sha'ir. Wannan ne ya sa a hotunansa akan nuna shi ya ɗora hannun dama a bayan kunne, kamar yadda mawaƙa suke yi.

Almajiransa da rasuwarsa

Almajiransa biyu suka fi shahara. Na farko Rechungpa, wanda ya bi shi tun yana yaro. Na biyu Gampopa, wanda ya rayu daga 1079 zuwa 1153, likita ne da ya bar duniya bayan annoba ta kashe matarsa. Da Gampopa ya iso, aka gaya masa cewa malamin ya riga ya yi bushara da zuwansa, sai ya ji kansa ya kumbura. Milarepa ya gane haka, ya bar shi yana jira mako biyu kafin ya ba shi izinin shigowa. Ranar da za su rabu kuma, ya ce akwai sauran koyarwa ɗaya mai tsada da bai ba kowa ba. Sai ya ɗaga mayafinsa ya nuna masa kantar da zaman shekaru a kan dutse ya yi masa. Abin nufi, babu wani asiri da ya wuce dagewa. Mai haƙuri shi yake dafa dutse har ya sha romo.

Labarin rasuwarsa ya koma kan girman kai, amma na wani. Wani malami mai ilimin littattafai da dukiya, Tsakpuwa, ya ji haushin yadda jama'a suke girmama tsohon da ba shi da ko takalmi. Ya yi wa wata mata alkawarin dutse mai daraja idan ta kai masa kindirmo da guba a ciki. An ce Milarepa ya san abin da ke cikin ƙwaryar. Ya ƙi karɓa da farko, domin matar ta sami ladanta tukuna, da ta komo kuma ya sha, ya hana a taɓa ta. Tsakpuwa ya yi nadama, ya zo ya nemi gafara, aka yafe masa. Milarepa ya rasu a Chubar yana da shekara 84 a lissafin Tibet. Ya shaida wa almajiransa cewa ya ɓoye zinariya a ƙarƙashin murhunsa. Da suka tona, sai suka sami ƙyallen auduga da wuƙa da ɗan curin sukari, da takarda mai cewa a yanka a raba wa kowa.

Abin da ya bari

Gampopa ya kafa gidan ibada, ya tsara koyarwar da ya gāda, daga almajiransa kuma rassan ɗariƙar Kagyu suka yaɗu. Tana cikin manyan ɗariƙu huɗu na addinin Buda a Tibet, kuma har yau mabiyanta suna ambaton Marpa da Milarepa da Gampopa a jere. Tsangnyon Heruka ya tattara waƙoƙin da ake danganta masa a wani kundi da ake kira Waƙoƙi Dubu Ɗari. An buga tarihinsa da Faransanci a 1925, da Ingilishi a 1928, daga nan ya shiga harsuna da yawa.

Hasumiya ta huɗu, wadda ba a rushe ba, ana kiranta Sekhar Gutok. Tana nan tsaye a Lhodrak, kusa da iyakar ƙasar Bhutan, kuma masu ziyara suna zuwa su kewaye ta, su taɓa duwatsun da aka ce shi ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a bayansa.